Birni da Waje: Yadda Mulkin Turawa Ya Sauya Gini da Zaman Gari a Ƙasar Hausa

Duk wanda ya taɓa hawa Dutsen Dala da hantsi ya fuskanci gabas, zai ga kamar garuruwa biyu ne aka manna da juna, ko da yake sunansu ɗaya. Na kusa da shi lunguna ne a murɗe, gida na jingine da gida, har ba a iya gane inda wannan ya ƙare wancan ya soma. Can gaba kuwa, bayan an wuce inda ganuwa ta bi, sai tituna su miƙe, su riƙa gittawa da juna kamar zanen dara. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyanawa shi ne yadda aka yi gari guda ya rabu haka, da kuma abin da rabuwar ta jawo wa ginin Bahaushe. Za a fi kafa hujja da Kano da Zariya da Kaduna, sa'an nan a ɗan leƙa Damagaram da Maraɗi, domin a ga ko Faransawa sun bi wata hanya dabam.

Sau da yawa in aka ɗauko maganar tasirin Turawa a kan gini, sai a yi caa a kan kwano da siminti, a ce su ne suka kashe ginin ƙasa. A ganina wannan barin jaki ne a doki taiki. Har ranar da Turawa suka sauka daga mulki a 1960, mafi yawan gidajen da ke cikin biranenmu na ƙasa ne, rufinsu kuwa soro. Bature bai rushe birni ba. Kewaye shi ya yi, ya kwashe mulki da ciniki da daraja ya kai su bayan ganuwa, ya kuma ɗauki ikon faɗin inda kowane irin mutum zai zauna. Kwano da siminti daga baya suka biyo, kamar yadda zare ke bin allura.

Abin da Turawa suka tarar

Lokacin da sojojin Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato, abin da ya fara ba su mamaki shi ne ganuwa. Gwamna Lugga da kansa ya kwatanta ta a rahotonsa, ya ce kewayenta ya kai mil 11, tana da ƙofofi 13, tsayinta kuwa a wasu wurare ya kai ƙafa 50. An soma gina ta tun zamanin Sarki Gijimasu a ƙarni na 12, aka ƙara faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi ne kuma ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa har yau. Ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai gonaki da makiyaya da kududdufai da duwatsun Dala da Gwauron Dutse, domin in abokan gaba sun yi wa gari ƙawanya a sami abin ci da abin sha.

Abin da ya fi dacewa mai karatu ya riƙe a nan shi ne yadda birni yake yi da baƙo. Sunayen unguwannin Kano sun isa shaida. Akwai Ayagi ta Yarabawa, da Tudun Nufawa, da Zangon Barebari, da Agadasawa, da Dandalin Turawa, wadda Larabawan Tarabulus da Gadamus suka zauna, tun lokacin da kalmar "Bature" take nufin Balarabe. Baƙo yakan sauka wurin fatoma, ya sayar da hajarsa ta hannunsa, in zama ya yi daɗi a nema masa fili wurin mai unguwa, ya yi aure, jikokinsa su tashi Kanawa. Gaskiya ne akwai zango a bayan gari, kamar Fagge inda ayarin Buzaye ke sauka da raƙumansu, amma zango masauki ne, ba hukunci ba ne. Babu dokar da ta ce wanda ya sauka a zango shi da zuriyarsa ba za su shiga birni ba.

Ta wajen gini kuwa, kome daga ƙasar wurin yake fitowa. A haƙo jar ƙasa, a kwaɓa da ciyawa, a mulmula tubali mai kamar ƙwai a shanya, sa'an nan a jera shi a kan kauri daga ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Rufi da azara ake yi, watau giginyar da aka tsaga, domin gara ba ta cin ta. Ita azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamar ƙafa shida, to, a ƙoƙarin tsallake wannan iyaka ne magina suka ƙware wajen bakan gizo da ɗaurin guga, inda ake ɗora azara bisa azara tana leƙowa kaɗan-kaɗan har ɓangarorin su haɗu a sama. Wanda ya shiga tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ya ga iyakar inda wannan fasaha ta kai. A waje kuma a shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. A sa indararo, a ɗora zankwaye. Tsarin gidan shi ma sananne ne: zaure, ƙofar gida, shigifa, sa'an nan cikin gida. Gidan Bahaushe ciki yake kallo. Ba ya nuna wa mai wucewa kome sai katanga da bakin zaure.

Yadi 440

Turawan da suka zo ba su da yawa, ba su kuma da kuɗi. An kafa mulkinsu a Lakwaja ran 1 ga Janairu 1900, hedkwata ta zauna a Jebba, ta koma Zungeru a 1902. Dabarar da Lugga ya ga za ta fisshe shi ita ce ya bar sarakuna su ci gaba da riƙon jama'arsu, shi kuma ya riƙe sarakuna. Wannan dabara ita ce ta fara hana taɓa birni. An yi wa sarakuna alkawarin ba za a shiga addininsu ba, saboda haka aka taƙaita aikin mishan a garuruwan Musulmi, aka kuma hana Bature zama a cikin ganuwa. A Kano, Razdan ya fara zama a gabashin gari, wajen gidan sarki na Nasarawa, wanda ya riga Turawa zuwa, soja kuma aka kai su Bompai.

Amma akwai dalili na biyu, shi ne tsoron zazzaɓin cizon sauro. A 1897 wani likitan sojan Ingila a Indiya, Ronald Ross, ya tabbatar da cewa sauro ke ɗaukar cutar. Maimakon wannan ilimi ya sa a yaƙi sauro a ko'ina, sai likitocin mulkin mallaka suka fassara shi ta wata fuska. Suka ce jinin 'yan ƙasa, musamman yara ƙanana, shi ne rumbun cutar, don haka maganin Bature shi ne ya nisanci inda 'yan ƙasa suke kwana. Lugga kuwa a Indiya aka haife shi, can ya fara aikin soja, ya kuma saba da tsarin da Ingilishi suka yi a can na ware wa kansu unguwa nesa da gari. Wannan tsari ya kawo ya sa a dokar barikoki ta 1904, aka kuma ƙarfafa shi a dokar garuruwa ta 1917. Dokar ta kasa garuruwa aji uku. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya, su Kano da Zariya da Kaduna suna na biyu. An shar'anta a bar fili na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da ta kowa, ba gini ba kwana a cikinsa.

In aka dubi wannan doka da idon basira, za a ga ba ta tsaya da ƙafafunta ba. Da farko dai sauro bai san yadi 440 ba, yakan wuce haka in iska ta taimake shi. Na biyu, Baturen da ya guji 'yan ƙasa bai iya dafa wa kansa abinci ko ya wanke rigarsa ba, saboda haka a bayan kowane gida sai da aka gina ɗakunan kuku da boyi da mai doki, taku kaɗan daga inda maigida yake kwana. Ashe ke nan ba kowane baƙar fata ake gudu ba, wanda ba ya yi maka aiki shi ake gudu. Filin da aka bari kuwa bai zauna banza ba, nan aka yi filin sukuwa da na folo da na golf. A irin wannan fili ne jiragen sama na farko suka sauka a Kano a 1925.

Ga ɗaliban harshe, wannan zamani ya bar mana kalmomi biyu masu ban sha'awa. "Kantoma" asalinta laƙabin Baturen da ke shari'a da gudanar da unguwannin da ba sa ƙarƙashin sarki ne, kafin daga baya ta koma sunan wanda gwamnati ta naɗa ya riƙe ƙaramar hukuma ba tare da zaɓe ba. "Bariki" kuwa daga mazaunin soja ta faro, ta yaɗu ta rufe duk inda Turawa da ma'aikatansu suke, daga nan ta haifi "ɗan bariki" da "barikanci". Ma'anar da waɗannan kalmomi suka ɗauka ta nuna yadda mutumin birni ya ɗauki wurin: wuri ne da ba idon iyaye, ba na malami, ba na mai unguwa.

Sabon Gari da Tudun Wada

Abin da ya cika wajen gari da mutane shi ne jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano daga Baro a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, aka kuma haɗa shi da na Ikko. Turawa auduga suka sa rai za a yi ta ɗauka, sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, attajirai irin su Alhasan Ɗantata suka shiga saye suna kai wa kamfanoni. Tasha kuwa ba a cikin birni aka yi ta ba. A waje aka yi ta, kantunan kamfanoni suka jeru kusa da ita, Kwarori suka sami nasu wuri a kudancin Fagge inda Kantin Kwari yake. Kasuwar Kurmi, wadda ta shekara ɗaruruwa tana kallon arewa, wajen Agadas da Tarabulus, sai ta wayi gari babban ciniki ya juya kudu, ya kuma koma bayan ganuwa.

Jirgi da kanti da ofis suna bukatar akawu da direba da makaniki da kafinta, a lokacin kuwa waɗanda suka yi makarantar boko mutanen kudu ne da na Saliyo da na Gwalkwas, ƙasar da ake kira Gana yanzu. Mafi yawansu Kirista ne. Ba a so su zauna cikin birni ƙarƙashin alƙali, ba a kuma so su zauna da Turawa. Sai aka yanka musu wuri na uku. Haka aka kafa Sabon Garin Kano a 1913, na Zariya ma a wajen wannan lokaci, a gefen tasha. Safiyo ya auna, ya ja layuka a miƙe, ya yanka fuloti-fuloti. A nan aka yarda a gina coci, a nan aka yarda a sayar da giya, shari'a kuwa ta kantoma ce. Sai wajen 1940 aka mayar da Sabon Garin Kano ƙarƙashin En'e.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a farkon kafuwar Sabon Gari akwai Hausawa da Nufawa da sauran 'yan Arewa da yawa a cikinsa, leburori da 'yan dako da masu ƙananan sana'o'i. Hukuma ce ba ta ji daɗin wannan cuɗanya ba, domin tana ganin Musulmin Arewa ya kuɓuce wa sarki da alƙali. Saboda haka aka riƙa tura su wuri na huɗu, watau Tudun Wada, unguwar 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin garin ba ne. Wanda ya san Zariya ya san wannan jeri da ƙafarsa: birni, sa'an nan Tudun Wada daga fita Ƙofar Doka, sa'an nan unguwar Turawa, sa'an nan Sabon Gari a tsallaken Kubanni. Mishan ma haka ta same su. Likita Mila ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, amma a ƙarshe sai da aka fitar da aikinsa zuwa Wusasa a 1929.

Ba daidai ba ne a ɗora wa Bature laifin nan shi kaɗai. Sarakuna da malamai su ma ba su so a kawo musu coci da gidan giya ƙofar gida, baƙin kuma da yawansu sun fi son kotun kantoma da ta alƙali. Amma bambancin da ke tsakanin son rai da doka babba ne. Son rai yakan sassauta in an zauna tare an saba, doka kuwa ta hana zaman da zai kawo sabon. Yaron da aka haifa a Sabon Gari a 1920 yana iya tsufa a Kano, yana jin Hausa kamar jakin Kano, amma bai taɓa zama Bakano ba, alhali jikan Bayaraben Ayagi ya daɗe da zama. Lokacin da rikicin siyasa ya ɓarke a Kano a watan Mayu na 1953, a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka gwabza, haka kuma a 1966 Sabon Gari ne ya sha wuta. Ba layin safiyo ne ya haddasa faɗan ba, amma shi ya nuna wa kowa inda zai sami abokin faɗansa.

Garuruwan da aka ƙirƙira, da waɗanda suka gusa

Kaduna ita ce garin da Turawa suka zana tun daga tushe, a ƙasar Gwari, inda dogo ya ƙetare kogi. Hedkwata ta taso daga Zungeru ta dawo nan a 1917. Babu birni, babu ganuwa, babu fadar da za a kewaye, don haka a nan ne ake ganin tsarin a tsirararsa: gidan Gwamna da barikin soja da unguwar manyan ma'aikata a wuri mai iska, layukan akawuna da 'yan kasuwa da aka raɗa wa sunayen garuruwa, sa'an nan Tudun Wada da unguwannin leburori a gefe.

A karkara kuma abubuwa uku suka motsa mutane. Na farko, yaƙi da harin bayi sun ƙare, sai ganuwa ta rasa aikinta. Aka daina gayyar gyaranta bayan damina, manoma suka fita suka kafa ƙauyuka kusa da gonakinsu. A Kano ma har huda ta aka riƙa yi don mota da bututun ruwa, Sabuwar Ƙofa da Ƙofar Famfo sunayensu sun faɗi zamaninsu. Na biyu, wajen 1908 aka umarci hakimai su bar birni su koma ƙasashensu su zauna don karɓar haraji, sai garin da hakimi ya sauka ya sami kotu da kasuwa da makaranta, ya shige maƙwabtansa. Na uku shi ne dogo da hanyar mota. Funtuwa da Gusau da Ƙauran Namoda, inda reshen dogo ya kai a 1929, da Nguru, inda ya kai a 1930, duk sun bunƙasa da awon auduga da gyaɗa, yayin da tsofaffin garuruwan da ke kan hanyar fatake suka koma baya. Akwai ma inda hukuma ta tashi mutane da gangan. A ƙasar Ancau, daga 1937, aka yi shirin yaƙi da ciwon barci wanda ƙudan tsando ke kawowa, aka sare kurmin bakin rafuka, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka gina sabon gari mai faffaɗan tituna aka sa masa suna Takalafiya.

A tsallaken iyaka, Faransawa ba su damu da martabar sarakuna kamar Ingilishi ba, amma sakamakon ya yi kama. A Damagaram sun tarar da Birni da Zango, suka kafa barikinsu da ofisoshinsu a gefe, sa'an nan a 1926 suka ɗauke hedkwata suka kai Yamai. A Maraɗi kuwa, da ambaliyar gulbi ta cinye tsohon gari a 1945, sai suka hau da shi kan tudu suka zana shi layi-layi.

Ƙarƙashin duk wannan akwai maganar ƙasa. Dokar 1910 ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna. A cikin birni ba a ji canjin sosai ba, gado da kyauta da izinin mai unguwa suka ci gaba. A waje kuwa fili ya zama abin da ake aunawa, a ba shi lamba, a ba da takarda, a biya haya. Dokar 1978 da ta sa ƙasa a hannun gwamnonin jihohi jikanyar waccan ce. Talakan da bai iya bin layin takarda ba shi ya ƙago nasa tsari, wanda Hausa ta raɗa wa "awon igiya".

Daga laka zuwa siminti

Abin mamaki, Turawan farko sun fi jikokin maginan da suka yi musu aiki ganin darajar ginin ƙasa. A Lakwaja gidajen katako aka kawo musu a jirgin ruwa daga Ingila aka harhaɗa, amma da suka yi nisa da kogi, ɗaukar kaya a ka ya yi tsada, sai suka koma ga Sarkin Magina. Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Hanns Vischer ya zauna ya kuma buɗe makarantar boko ta farko ta gwamnati a 1909, na ƙasa ne, yana nan tsaye an mai da shi gidan tarihi. Kwalejin Katsina da aka soma a 1921 da ƙasa aka gina ta. Cocin Wusasa ma maginan Zazzau ne suka yi shi da tubali da azara da bakan gizo. Abin da Bature ya ƙara a irin waɗannan gine-gine shi ne manyan tagogi da baranda da murhun jin ɗumi, da kuma ɗakuna a jere ƙarƙashin rufi guda.

Har ila yau, zamanin Turawa ne zanen bangon waje ya yi tashe. Dā ado a cikin ɗaki yake, a fada da gidajen manya. Da kuɗin gyaɗa da na goro suka shiga hannun 'yan kasuwa, tsoron a fi sarki gida kuma ya ragu, sai attajiran Zariya da Kano suka riƙa sa a zane musu fuskar zaure. Magina suka haɗa dagi da takobi da sababbin abubuwan da ido ya gani, keke da agogo da mota da jirgin sama. Siminti da kansa ya fara shigowa ne a matsayin bawan laka, ana shafa shi a kan bangon ƙasa don kada ruwa ya zaizaye zanen.

To, me ya kayar da ginin ƙasa? Dalili na farko aiki ne. Gidan ƙasa yana son hannu da yawa, wajen haƙa da kwaɓi da ɗauka, yana kuma son yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Manyan gidajen dā bayi da barori da gayya suka tsayar da su. Dokar 1901 ta 'yanta duk wanda aka haifa bayanta, aka kuma soke bauta ɗungum a 1936, samari suka sami aikin lada a tasha da ma'adinan Jos, sai hannu ya yi tsada. Giginya ma ta yi ƙaranci kusa da manyan garuruwa. Ni kaina a gidan soro na tashi, ina kuma tune da yadda ake kwana a zaune cikin marka ta watan Agusta, ana tara kwanoni ƙarƙashin yoyo, tsofaffi suna sauraron ko azara za ta yi ƙara. Wanda ya sha wannan ba za a zarge shi ba in ya sami hali ya buga kwano, ko da ya san zai gasu a bazara.

Dalili na biyu daraja ce, a nan kuma maganar ta koma kan rabon gari da aka yi bayani a baya. Duk wani abu mai iko a sabon zamani, ofishin Razdan, banki, tasha, asibiti, kanti, da bulo da kwano aka san shi. Ma'aikatar Ayyuka da En'e suka horar da birkiloli da kafintoci, aka sami sabuwar sana'a da ba ta bi ta gidan Sarkin Magina ba. Da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya tashi sake Masallacin Juma'a, wanda aka gama a 1951, da siminti aka yi shi, da ƙubba da hasumiyoyi irin na ƙasashen Larabawa. Tun da ɗakin Allah da ke ƙofar fada ya bar laka, magana ta ƙare. Duk da haka siminti a zamanin Turawa daga waje ake kawo shi, sai mai hali. Masana'antarsa ta farko a Nijeriya ta fara aiki a Nkalagu a 1957, ta Sakkwato kuwa sai 1967. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 su suka kai bulo lungu-lungu, a wannan lokaci ne ma aka lulluɓe masallacin Babban Gwani da sabon gini na kankare. Kalmomin sana'ar sun nuna inda ta fito: bulo, siminti, rodi, silin, lintal, falo, kicin, gareji, duk aro ne, yayin da yaro ɗan birni a yau sai a tambaye shi makuba ko laso ya yi shiru.

Inda canjin ya fi taɓa zaman mutane shi ne tsarin gida. Gidan Bature, wanda shi ma daga Indiya aka kwaikwayo shi, a tsakiyar fili yake zama, lambu ya kewaye shi, tagoginsa suna kallon waje, baƙo kuma kai tsaye falo yake shiga. Gidan haya na Sabon Gari kuwa ɗakuna ne a jere suna fuskantar juna a fuloti mai ƙafa 50 da 100, kowane ɗaki da iyalinsa, girki da makewayi na tarayya. Babu ɗayansu da ya bar wa zaure wuri. Zaure kuwa ba mashiga kaɗai ba ne. Nan maigida yake karɓar baƙi ba tare da sun ga iyalinsa ba, nan maƙwabta suke fito da tuwo a ci tare, nan malami yake ba da karatu, nan ake ɗaurin aure da raɗin suna da zaman makoki, nan kuma matafiyi ko almajiri yake kwana ba sai ya roƙi kowa ba.

Manyan ma'aikatanmu da suka gaji gidajen Turawa a Nasarawa da Kaduna bayan 1960 sun ji wannan rashi tun a shekarar farko. Abin da suka fara yi shi ne kewaye shingen furanni da doguwar katanga, domin matan gida su sami sakewa. Daga nan aka raba falo biyu, na maigida da ƙofarsa ta waje, na mata a ciki. Ɗakunan boyi suka koma na samarin gida da 'yan uwan da suka zo daga ƙauye. A bakin ƙofa kuma aka gina ɗan masallaci da dakali, aka shimfiɗa tabarma, nan masu gaisuwa da masu neman alfarma suke jiran fitowar maigida. A cikin birni kuwa akasin haka ake yi: in an raba gado an rushe soro za a sa bulo, zauren ne ake fara yankewa, a fasa masa ƙofa ta titi, a ba mai shago haya.